Yadda Ake Ziyartar Tsohuwar Maƙabartar Coci a Ƙauyukan Ailan da Gane Tarihin Kangon da ke Cikinta

A karkarar ƙasar Ailan da wuya mutum ya yi tafiya mai nisa bai hango wata katangar dutse a tsakiyar makiyaya ba, wadda ta kewaye kaburbura da kangon wani ƙaramin coci da rufinsa ya daɗe da zubewa. Baƙo yakan ɗauka cewa kufai ne da kowa ya manta da shi, alhali kuwa ginin ne kaɗai aka daina amfani da shi. Maƙabartar tana da masu ita, a wurare da yawa har yau ana binne mutane a cikinta, kuma iyalai suna taruwa sau ɗaya a shekara a lokacin zafi domin limamin coci ya yi wa kaburburan addu'a. Duk abin da mai ziyara zai yi a wurin ya kamata ya dogara a kan wannan sani.

Dalilin da ya sa coci ya zama kango amma maƙabarta ta ci gaba yana cikin tarihin ƙarni na 16. A shekarar 1536 majalisar Ailan ta ayyana Sarki Henry na 8 na Ingila a matsayin shugaban coci, sai gine-ginen ibada na yankuna suka koma hannun cocin gwamnati na Furotesta, yayin da mafi yawan jama'a suka tsaya a kan ɗariƙar Katolika. Ginin da ba shi da masu ibada kuwa ba ya samun mai gyara masa rufi. Binciken da masarauta ta sa aka yi a 1615 ya tarar da coci-coci masu yawa sun riga sun lalace, sannan yaƙe-yaƙen shekarun 1640 da zuwan Oliver Cromwell da rundunar Ingila a 1649 suka ƙara ɓarna. Duk da haka mutane ba su yarda a raba su da ƙasar da iyayensu ke kwance ba, suka ci gaba da kawo gawarwakinsu, har suka shiga binnewa a cikin kangon kansa. Bayan dokar 1869 da ta raba Cocin Ailan, wato wancan cocin Furotesta, da gwamnati, an miƙa yawancin waɗannan tsofaffin maƙabartu ga hukumomin yanki, shi ya sa a yau majalisar gunduma ce ke riƙe da da yawa daga cikinsu.

Kafin a bar gida

A fara da taswira. Hukumar kula da wuraren tarihi ta Jamhuriyar Ailan tana da taswira a intanet, a shafin archaeology.ie, inda aka sa wa kowane wuri da aka yi wa rajista alama da lamba, kuma sau da yawa akwai taƙaitaccen bayanin abin da masu bincike suka gani. A kwafe lambar da bayanin tun a gida, domin waya ba ta cika samun sadarwa a lungunan karkara ba. Daga nan a duba tsohuwar taswirar da aka zana a shekarun 1830 zuwa farkon 1840, mai ma'aunin inci 6 a kan kowane mil, wadda ita ma tana intanet. Amfaninta shi ne tana nuna siffar maƙabartar kafin a faɗaɗa ta, da hanyoyin ƙafa da suka ɓace, da rijiyoyin da ake dangantawa da waliyyai. Sunan wuri ma yana taimakawa wajen nema, domin sunan da ya fara da Kil ko Temple ko Donagh sau da yawa yana nuni da tsohon coci, sai dai a yi hattara da Kil, saboda wani lokaci daga kalmar kurmi ya samo asali.

Akwai kuma tarin labaran da ɗaliban firamare suka rubuto daga bakin dattawan garuruwansu tsakanin 1937 da 1939, wanda ke shafin duchas.ie. Ba kowane abu da ke ciki ne tarihi tabbatacce ba, amma a nan ake sanin inda mutanen wurin suke cewa an binne jarirai ko baƙi, abin da babu taswirar da za ta nuna.

Maganar shiga tana da muhimmanci. A Ailan babu dokar da ta ba kowa damar ratsa gonar wani, kuma maƙabartu da yawa sai an bi ta makiyaya kafin a kai gare su. Idan ba a ga hanya ko alamar shiga a fili ba, a nemi gida mafi kusa a yi sallama a nemi izini, kuma galibi manomin zai ba da bayanin da ya fi na kowace takarda. A bar kowace ƙofar shinge yadda aka same ta, kada a tare mashigar gona da mota, kada a shiga da kare inda tumaki ko shanu suke, kuma idan an hango bijimi a fili a haƙura da ziyarar ranar. A sa takalmin roba mai tsawo da dogon wando saboda laka da ƙaya da kaska, wadda cizonta kan jawo cutar Lyme. A ɗauki tocila mai ƙarfi, da ƙaramin madubi, da gorar ruwa mai tsabta, da littafi da fensir, domin biro ba ya rubutu a kan jiƙaƙƙiyar takarda.

A karanta wurin daga waje zuwa ciki

Kada a yi gaggawar shiga. A tsaya daga nesa a dubi siffar katangar da shingayen gonakin da ke kewaye. Gidajen sufaye da majami'un farko, na tsakanin ƙarni na 6 da na 12, ana kewaye su da ganuwar ƙasa mai siffar da'ira ko ƙwai, kuma wannan da'irar takan fi maƙabartar yanzu girma nesa ba kusa ba. Idan aka ga hanyar mota ta yi wata lanƙwasa ba tare da dalili ba a kusa da wurin, ko shingen gona ya karkata ya zagaya, to akwai yiwuwar suna bin sawun tsohuwar ganuwar ne. Katangar dutse mai kusurwa huɗu da ake gani yanzu sau da yawa aikin ƙarni na 18 ko na 19 ce, saboda haka kaburbura na iya kasancewa a wajenta, a ƙarƙashin ciyawar da shanu ke kiwo.

A lura kuma da tsayin ƙasa. A tsohuwar maƙabarta ƙasar ciki takan fi ta waje tudu, wani lokaci har ta kusa kai saman katangar, saboda ɗaruruwan shekaru da aka yi ana binne gawa a kan gawa. A bakin ƙofa akan ga matakan dutse da aka dasa a jikin katanga don masu ƙafa su haura ba tare da dabbobi sun shiga ba, kuma a wasu wurare akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse a gefensu inda ake sauke akwatin gawa kafin a shiga da shi.

Kangon cocin

Kusan kowane irin wannan coci an gina shi ne daga yamma zuwa gabas, bagaden, wato teburin da limami ke jagorantar ibada a kansa, yana gabas. A fara neman ƙofa, domin ita ce ta fi saurin faɗar shekarun gini. Majami'un farko na katako ne, ba su bar komai a saman ƙasa ba, kuma sai wajen ƙarni na 10 ginin dutse ya fara yawaita. Alamarsa ita ce ɗaki guda ƙarami, da ƙofa a tsakiyar bangon yamma wadda aka gicciya mata dogon dutse guda a sama, gefunanta biyu kuma suna ɗan matsowa kusa da juna yayin da suke hawa, har saman ya fi ƙasan ƙunci. Duwatsun bangon manya ne ƙwarai, taga kuwa ƙarama ce guda a gabas. A wasu gine-ginen bangon gefe yakan zarce kusurwa kaɗan ya fito gaba da baya, abin da masana ke ganin kwaikwayon ginshiƙan tsohon ginin katako ne.

A ƙarni na 12 ne ƙofa mai lanƙwasa kamar rabin da'ira ta shigo, da sassaƙar haƙora-haƙora da kawunan mutane da na dabbobi. Cocin Cormac da ke Cashel, wanda aka keɓe a 1134, shi ne sanannen misalin wannan salo, kuma tasirinsa ya kai har ƙauyuka masu nisa kamar Kilmalkedar a gundumar Kerry. Kilmalkedar ya dace da mai koyo, domin a fili ɗaya akwai cocin ƙarni na 12, da dutse mai rubutun ogham, wato tsohon rubutun zane-zane da ake yi a gefen dutse, da agogon rana na dutse, da wani dutse da aka sassaƙa wa haruffan Latin. Yana kuma koyar da taka-tsantsan, saboda bangonsa yana da wancan zarcewar ta tsohon salo duk da cewa ƙofarsa ta sabon salo ce, don haka alama guda ba ta isa a yanke wa gini shekaru ba.

Bayan zuwan Normawa daga Ingila a 1169 sai salon ƙofa da taga masu lanƙwasa mai tsini a sama ya yaɗu, aka kuma tsara yankunan ikilisiya, kowane da cocinsa. Mafi yawan kangayen da mai ziyara zai ci karo da su na wannan zamani ne ko kuma an sake gyara su a ƙarni na 15 da na 16. Ana gane su da ƙofa a bangon kudu, da siririyar taga wadda samanta ya lanƙwasa ya fita da ɗan tsini, da ɗan gurbin ƙararrawa a ƙololuwar bangon yamma. A ciki, kusa da inda bagade yake, a nemi ƙananan ramuka a bangon kudu: mai ɗan kwano da huda a ƙasa wurin wanke kayan ibada ne, marar huda kuma ma'ajiya ce. Idan aka ga duwatsu sun fito a jere daga bango a ɓangaren yamma, da taga a sama, to akwai yiwuwar bene ne inda limamin yake kwana.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a irin wannan gini shi ne wuraren da aka yi masa ƙari da faci. A bi bangon da ido a hankali, a nemi inda layi ya miƙe daga ƙasa zuwa sama tsakanin aikin magina biyu, ko inda manyan duwatsu suka ƙare ƙanana suka fara, ko ƙofar da aka toshe. Sau da yawa ƙaramin coci na ƙarni na 11 yana nan a cikin babban na ƙarni na 15, an tsawaita shi ne kawai. A Killinaboy da ke gundumar Clare magina sun fitar da siffar gicciye mai hannu biyu a jikin bangon yamma da duwatsun ginin kansu, kuma mutum zai iya wucewa bai gani ba idan bai ja baya ya ɗaga kai ba. A duba ƙasa ma, domin gutsuren taga ko na ƙofa da ya faɗo an sha ɗauka a kafa shi a kan kabari.

Kada a hau bango ko a jingina da shi, kuma kada a tsaya a ƙarƙashin bango mai tsini idan ana iska mai ƙarfi. A yi hattara da inda ake taka ƙafa, saboda akwai ɗakunan binnewa na ƙarƙashin ƙasa waɗanda rufinsu ya yi rauni.

Kaburbura, masu suna da marasa suna

Ana kwantar da mamaci kansa a yamma ƙafafunsa a gabas, rubutun dutsen kuma yakan fuskanci gabas. Idan aka ga dutse guda ya juya wa sauran fuska, sau da yawa na limamin coci ne, wanda ake binnewa yana fuskantar jama'arsa. Duwatsu masu rubutu na talakawa ba su yawaita ba sai a ƙarni na 18, kuma mafi tsufansu sukan taru a kudu da gabashin cocin, ɓangaren da aka fi so. A samansu akan ga haruffan IHS, taƙaitaccen sunan Yesu, da gicciye a kan harafin tsakiya, wani lokaci da zuciya ko hasken rana a kewaye. Akwai masu ƙoƙon kai da ƙasusuwa da agogon yashi don tuna mutuwa. Akwai kuma masu ɗauke da kayan da ke cikin labarin gicciye Yesu kamar yadda Kiristoci suka yi imani da shi: tsani, da ƙusoshi, da guduma, da awartaki, da azurfa 30, da zakara tsaye a kan tukunya. Wasu masassaƙa sun sa sunansu a aikinsu, kamar Denis Cullen na Monaseed, wanda duwatsunsa na ƙarshen ƙarni na 18 suke a gundumomin Wexford da Wicklow. Dogayen gicciye masu zobe kuwa, waɗanda baƙi ke ɗauka su ne mafi tsufa, yawancinsu na ƙarshen ƙarni na 19 ne zuwa na 20, an yi su ne don kwaikwayon na zamanin dā, irin waɗanda ke tsohon gidan sufaye na Monasterboice.

Wajen karanta rubutu haske ne babban makami. Tunda duwatsun suna kallon gabas, lokacin da ya fi dacewa shi ne hantsi zuwa dab da tsakar rana, sa'ad da rana ta karkata kudu haskenta yana gogar fuskar dutsen daga gefe, kowane harafi ya yi inuwa. Idan akwai hadari, a riƙe tocila dab da gefen dutsen, ko a karkato hasken sama da madubi. Ɗan yayyafa ruwa mai tsabta ma yana fito da haruffa. Iyakar abin da ya halatta ke nan. Kada a goga alli ko gari ko kumfa, kada a kankare da buroshin ƙarfe, kada a zuba sinadarin wanki, kuma kada a ɗora takarda a murza, domin fuskar dutsen da aka sassaƙa siririya ce, abin da aka kankare kuwa ba ya dawowa. Tabon fari da ruwan ɗorawa da ke jikin dutsen halitta ce mai rai da ke girma a hankali ƙwarai, kuma cire ta yakan tafi da fatar dutsen.

A kwafe rubutun layi bayan layi yadda yake, har da kurakuran masassaƙin, a bar gurbi inda ba a iya karantawa ba maimakon a yi hasashe. Tsohon harafin s yana kama da f, lambobin 1 da 4 da 7 kuma suna rikitarwa idan dutse ya zaizaye. Kafin 1752 sabuwar shekara a hukumance tana farawa ne ranar 25 ga Maris, shi ya sa akan ga shekara biyu a haɗe, kamar 1741/2, a kan wanda ya rasu a Janairu ko Fabrairu. A rubuta sunan wanda ya kafa dutsen da inda yake zaune, domin sau da yawa ɗa ne ko 'ya da ke New York ko Boston ta aiko da kuɗin.

A ganina, duk da kyan waɗannan duwatsu, ba su ne mafi muhimmanci a wurin ba. Mafi yawan waɗanda ke kwance a maƙabartar ba su sami harafi ko ɗaya ba. Alamarsu ita ce ɗan dutsen gona da aka kafa a tsaye, wanda da kyar ya fi ciyawa tsawo, ko gicciyen ƙarfe da maƙerin ƙauye ya ƙera, ko kuma tudu da kwari kawai a ƙasa. Idan aka durƙusa aka dubi filin daga ƙasa, za a ga ƙananan duwatsun nan suna jere a sahu daga arewa zuwa kudu, kuma iyalai sun san na wane ne. Arewacin coci, wanda yakan zama kamar babu kowa, a al'adance nan ake kai baƙi da waɗanda ruwa ya kawo gawarsu da waɗanda suka kashe kansu. Jariran da suka rasu kafin a yi musu baftisma kuwa akan kai su wani keɓaɓɓen wuri da ake kira cillín, a gefen maƙabarta ko a wani tsohon kango, galibi uba ne ke kai su da dare ba tare da taro ba. An yi rajistar irin waɗannan wurare fiye da 1,000 a tsibirin, kuma al'adar ta kai har tsakiyar ƙarni na 20, wato akwai masu rai da 'yan'uwansu ke ciki. Fili mai faɗi marar dutse yana iya zama ramin bai-ɗaya na Babbar Yunwa ta 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe mutum wajen miliyan 1. A Abbeystrowry kusa da Skibbereen an binne tsakanin mutum 8,000 da 10,000 a irin wannan fili. Saboda haka kada a ɗauke kowane dutse daga inda yake komai ƙanƙantarsa, kuma kada a zauna cin abinci a fili don kawai an ga babu alama a kansa.

Idan akwai rijiyar waliyyi a kusa, ko dutse mai rami kamar turmi da ruwan sama ke taruwa a ciki, za a iya tarar da tsabar kuɗi da carbi da tsummoki ɗaure a reshen bishiya. Masu ziyarar ibada ne suka bar su, kamar yadda ake yi a Ballyvourney ta gundumar Cork ranar 11 ga Fabrairu don waliyyiya Gobnait, kuma ba a taɓa su.

Doka, da batun gyara

Amfani da na'urar gano ƙarfe don neman kayan tarihi ba tare da lasisi ba laifi ne, haka ma tono. Duk wani tsohon abu da aka tsinta wanda ba a san mai shi ba mallakar ƙasa ne, kuma wajibi ne a sanar da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Dublin ba tare da jinkiri ba. Zomaye sukan tono ƙasusuwan mutane su fito fili. A bar su a wurin, a ɗauki hoto, a sanar da majalisar gunduma.

Wanda wurin ya shiga ransa har yana son ya gyara, ya sani cewa ɓarnar da masu kyakkyawar niyya suka yi wa irin waɗannan maƙabartu tana da yawa: an baje ƙasa don injin yankan ciyawa ya wuce, an kwashe ƙananan duwatsu an tara a kusurwa, an fesa maganin ciyawa har ƙasa ta zaizaye duwatsu suka karkace, an cike tsagar bango da siminti wanda ke riƙe danshi maimakon farar ƙasar da aka yi ginin da ita. Tsiro mai yaɗo da ake kira ivy, wanda ke lulluɓe kango, ma ba a fizge shi, domin saiwarsa ta shiga tsakanin duwatsu har ta zama ita ke riƙe da su, kuma tsuntsaye da jemagu da doka ta kare suna zama a ciki. Doka ta taƙaita sare tsirrai daga 1 ga Maris zuwa 31 ga Agusta saboda sheƙar tsuntsaye, kuma ta wajabta a sanar da hukumar kula da wuraren tarihi a rubuce tun kafin a fara kowane aiki a wurin da ke cikin rajista. Mutumin da za a fara tuntuɓa shi ne jami'in kula da kayan gado na majalisar gunduma.

Bayan an dawo, a gwada abin da aka kwafo da takardu. Rajistar haihuwa da mutuwa ta gwamnati ta fara ne a 1864, tana shafin irishgenealogy.ie, littattafan cocin Katolika kuma Ɗakin Karatu na Ƙasa ya sa hotunansu a intanet a 2015, sai dai kaɗan ne daga cikinsu suka rubuta jana'iza. Ƙidayar 1901 da ta 1911 suna nan cikakku, amma yawancin na farkon ƙarni na 19 sun ƙone a gobarar ma'ajiyar takardun gwamnati a Dublin a 1922, don haka wani lokaci dutsen kabari ne kaɗai shaidar da ta rage cewa mutum ya taɓa rayuwa. Kada a yi mamaki idan shekarun da ke kan dutse suka saɓa da na takarda, tunda akan kafa dutsen ne shekaru bayan rasuwa. A miƙa kwafin rubutun da hotunan, tare da lambar wurin da ranar ziyara da ɗan zanen da ke nuna inda kowane dutse yake, ga jami'in gunduma ko ɗakin karatu na yankin.